Murfin Tankin Gwaggo

Ruwan farko ya sauka ranar Alhamis da yamma, ranar Asabar da sassafe Mama ta kira ni a waya. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba, ta ce, "Ki zo yanzu. Babanki ya sa kayan aiki."

Ina tsaye ne a lokacin a kantin maganin da nake aiki, ina jera kwalaben maganin tari a kanta. Na ajiye kwalbar da ke hannuna ba tare da na san inda na ajiye ta ba. Kayan aikin Baba shuɗin wando ne da riga a haɗe, wanda baƙin mai ya riga ya cinye launinsa, kuma wata tara ke nan yana rataye a bayan ƙofa. Tun ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye bai ko kalle shi ba.

Baba bakanike ne, shekara arba'in yana cikin injina. Mutum ne da in mota ta wuce a titi yana cin abinci, sai ya ɗaga kai ya faɗi abin da ke damunta, ya ci gaba da cin abincinsa. Ciwon ya bar masa hannun hagu a lanƙwashe a ƙirji, ƙafar tana ja, magana kuma sai a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Amma ba wannan ne ya fi tayar mana da hankali ba. Zaman da yake yi ne a kujerar baranda, fuskarsa na kallon bango, daga safe har rana ta faɗi. Abinci cokali uku ya ture. Likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ta taɓa ja na gefe ta ce, "Jikin nan zai iya fin haka. Shi ne bai ga abin da zai tashi ya yi ba."

To ga shi ya ga abin yi, ni kuma na san ko mene ne.

A bayan gidanmu akwai lambu, tsawonsa taku sittin, faɗinsa bai kai rabin haka ba. A nan Mama ke shuka tumatir da albasa da kabeji da karas, kuma duk shekara bayan ruwan farko Baba ke kafce shi da wata 'yar ƙaramar tarakta da ta girme ni. A wajen masu tsofaffin ƙarafa ya tsinto ta, ya haɗa ta da hannunsa. Mu muka sa mata suna Gwaggo, saboda ba ta motsawa sai an gaishe ta an lallaɓa ta, in ta tashi kuma sai unguwa ta sani. Babu abin da ke aiki a jikinta yadda masu ƙera ta suka nufa. Makulli ya mutu tun ina firamare, da sukundireba ake haɗa wasu ƙarafa biyu ta tashi. Birki taya ɗaya yake kamawa. Kashe ta kuma sai an ja wata waya da ke ƙarƙashin kujera ta gefen hagu, wadda Baba ya ɗaura wa tsohon cokali a baki don ta yi daɗin riƙo.

A ƙarshen lambun, inda ake juyowa, akwai ramin tara ruwa mai zurfin gaba biyu, an rufe shi da katakai. Duk hanyar da na yi zuwa gida ramin nan nake gani.

Na same shi a ƙofar rumfar da Gwaggo ke kwana, zaune a kan bokitin da aka kifa, sandarsa a jingine. Ya sa maɓallan rigar a karkace, ɗaya ya haura ɗaya, amma shi ya sa da kansa. Ya share ƙurar kujerar tarakta, ya jera sifana da filaya a kan tsumma. Da ya gan ni ya ɗaga gira.

"Uwata. An kira ki."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

"Ni na zo da kaina, Baba. Ina kwana?"

"Ƙarya." Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Wata tara ban ga wannan ba. "Ƙasa ta yi taushi. Yau ne. Gobe ta bushe."

Na kalli Gwaggo. Kuloci, wato abin da ake takawa a raba inji da ƙafafu in za a tsaya, a gefen hagu yake, kuma yana da tauri ko ga mai ƙafa biyu. Cokalin kashewa a hagu. Sitiyari kawai ya rage wa hannun dama. In ya kai ƙarshen layi ƙafar ta ƙi taka kuloci, hannun ya ƙi kai wa cokali, babu abin da zai tsayar da ita sai ramin. Duk wannan na gani a kallo ɗaya, na buɗe baki in faɗa, sai na ji kaina ina cewa, "Bari in gaida Mama."

Mama tana kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

"Ki hana shi," ta ce.

"Ke me ya sa ba ki hana shi ba?"

"Na ɓoye makullin rumfar tun jiya. Da asuba ya ɓalle kwaɗon da filaya." Ta yi tsaki, idonta ya cika da ƙwalla. "Ashe batirin da ya sa ni na jona masa a wuta kwana biyu na Gwaggo ne. Ce min ya yi na fitila ne. Maƙwabci kuma ya sayo masa fetur, ya cika tanki har baki, wai shi taimako."

"Kin ce masa kar ya hau?"

Ta kalle ni kamar na ce ta ɗaga gidan. "Ni? Wata tara ina roƙon Allah ya tashi daga kujerar nan, yau ya tashi in ce ya koma?"

Na kira Yaya, wanda ke aiki a wani gari mai nisa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ku dai lallaɓa shi." Wannan ita ce gudummawarsa. Amma ina kashe wayar, muryarsa ta tuno min da babur.

Lokacin Yaya yana da shekara goma sha tara ya sayi wani tsohon babur, yana gudu da shi kamar an biyo shi. Baba bai taɓa ce masa kada ya hau ba. A gidanmu ba a cewa kada. Wata rana Yaya yana wanka, Baba ya kira ni na riƙe masa murfin tankin babur ɗin, ya nuna min wata 'yar huda kamar ta allura a samansa. Ya ce ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha, in aka toshe ta sai tanki ya riƙe mai ya ƙi saki. Ya ɗan gutsiri sabulu ya cusa a ciki ya shafe da yatsa. Daga ranar babur ya tashi lafiya, ya yi 'yar tafiya, ya mutu. In aka buɗe tanki a duba mai, iska ta shiga, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Wata biyu Yaya yana tura shi a titi, har ya gaji ya sayar. Har yau yana cewa an cuce shi a cinikin babur.

Na ce da Mama, "Kira shi ya sha maganinsa. Ki riƙe shi minti biyar."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Na gutsiri sabulun wankin kwanukanta, mai ƙanshin lemon tsami, na fita ta ƙofar baya.

Lissafina mai sauƙi ne. Baba yana da doka: ba ya motsa Gwaggo sai ta yi ɗumi a tsaye na wasu mintuna. Tanki a cike yake, ba za ta daɗe ba za ta shaƙe. Zai gwada sau ɗaya, sau biyu, ya ce tsufa ya kama ta, laifin ya zama nata. A ɗauko mai kaftu da fartanya, kowa ya huta, ba wanda ya ce wa wani ba zai iya ba. Har na ɗan ji daɗin wayona sanda nake goge yatsana a gefen zane.

Ya dawo yana jan ƙafa, ya miƙa min sandarsa, ya ɗauki sukundireba. Ya ɗan bubbuga murfin injin da tafin hannu, yadda ya saba gaishe ta. Ya haɗa ƙarafan. Gwaggo ta yi tari sau uku, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama.

Ban shirya wa fuskarsa ba. Ya karkatar da kai yana sauraro, idonsa a lumshe, kafaɗarsa ta miƙe. Ya ɗan murɗa wani ƙaramin noti, ƙarar ta daidaita. Mama ta leƙo ta tagar kicin da soso a hannu. Na tsaya ina kallonsa ina jira. Minti huɗu, biyar. Sai ƙarar ta fara rawa, ta yi sama ta yi ƙasa, ta yi shiru.

Ya buɗe ido. "Mai," ya ce. "Duba min mai."

Murfin yana da tauri, hannu ɗaya ba ya buɗe shi, don haka ni ce hannunsa. Na san in na murɗe da sauri zai ji ƙarar iskar da za ta shiga. Sai na murɗa a hankali, ina ba shi labarin wata mata da ta zo kanti neman maganin da aka daina yi, da murya sama-sama.

"A cike yake, Baba."

Ya cire tiyon mai da filaya, fetur ya zubo, tunda na riga na buɗe murfi. Ya mayar. Ya sa na kwance fulogi, wanda ke ba injin wuta, ya kalle shi a hasken ƙofa, ya goge, na ɗaura. Ta tashi. Ta yi minti biyar. Ta mutu.

Na zaci a nan zai haƙura. Na manta da wanda nake magana.

Ya sa na kwanto kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, muka baje ta a kan tsumma. Yana riƙe ƙananan sassan da haƙori in hannu bai isa ba, yana hura su, yana duba su ɗaya-ɗaya. Wani ɗan ƙaramin sifirin ya suɓuce masa ya faɗa cikin ƙasa, muka yi rabin awa muna nema, ni a durƙushe, shi yana nuni da sanda. Muka haɗa. Ya sake cewa in duba ko akwai datti a tanki, na sake buɗewa a hankali ina surutu. Ta tashi, ta mutu. Rana ta hau, kwanon rumfar ya ɗauki zafi, gumi ya jiƙa masa ƙeya. Mama ta kawo shayi da burodi, ya huce a wurin ba a taɓa ba. Sau biyu ta kalle ni da alamar tambaya, na kawar da kai.

"Baba, ka huta mana. Tsufa ne kawai ya kama ta."

"Inji ba ya mutuwa don tsufa," ya ce. "Akwai dalili."

Ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya da yatsa. Ya canza fulogi da wani da ya tono a gwangwani. Hannunsa na dama ya gaji, sukundireba tana zamewa daga kan ƙarafan sai ya gwada sau uku. A karo na huɗu da ta mutu, bai ce in duba komai ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon injin, sannan ya lallaɓa ya zauna a kan bokitin.

"Na san ciwon nan," ya ce a hankali. "Na taɓa ganinsa. Yana nan." Ya taɓa goshinsa da yatsa mai baƙin mai. "Yana nan, ya ƙi fitowa."

Na kalli murfin tankin, na kawar da kai.

"Hannu ya tafi, na ce to. Ƙafa ta tafi, na ce to." Maganar na fita da ƙyar. "Na ce ai kan yana nan. Kullum a kujerar can ina kwance injina a kaina, ina haɗawa. In gwada ko yana nan." Ya girgiza kai. "Ashe shi ma."

"Baba, haba."

"Injin da na haɗa da hannuna, Uwata. Ɗan ƙaramin inji mai fistan ɗaya tak."

Ya ɗaga murya ya kira Mama. Ta zo tana goge hannu.

"Ki kira masu sayen ƙarfe. Su ɗauke ta. Akwatin kayan aiki ki ba maƙwabci."

"Malam, akwatin kuma?"

"Ki ba shi."

Ya fara ɓalle maɓallan rigar, waɗanda ya sha wahala ya sa da safe. Kafaɗar ta koma yadda take wata taran nan. Na ga kujerar baranda tana jiransa, na kuma san in ya zauna a kanta yau ba likitar da za ta sake tayar da shi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a ranar da aka kwantar da shi a asibiti, don ranar ba ni na jawo ba. Na so in tsare shi daga rami, na je na taɓa abu ɗaya tak da ciwon ya bar masa.

In na ce, "Baba, ni ce," zai san 'yarsa ta tsaya awa huɗu tana kallonsa yana hura kafireta da baki. Kuma zai ce ba shi ya gano ba, faɗa masa aka yi. In na yi shiru kuma, shi ke nan. Ya ɗauki sandarsa ya miƙe, Mama ta matsa masa hanya.

"Bari in gwada sau ɗaya," na ce.

Bai juyo ba, ya dai ɗaga sandar kaɗan, wato ki yi abin da kika ga dama.

Na sassauta murfin na mayar, na ɗauki sukundireba. Tun ina yarinya nake ganin ana yi, ban taɓa yi ba. Tartsatsi ya tashi na kusa yar da ita, amma Gwaggo ta kama. Na danna mata wuta sosai don ta sha mai da sauri. Baba yana tafiyarsa a hankali, taku, jan ƙafa, taku. Daga rumfar zuwa baranda ba nisa, ina ta roƙon Allah ta mutu kafin ya kai. Tsawon safiya ina jiran mutuwarta da fargaba, yanzu kuma ta ƙi mutuwa. Ya tsaya ya huta a jikin tankin wanki. Ya ci gaba. Ya kai matakalar baranda, ya ɗora ƙafar dama.

Ta yi rawa, ta yi shiru.

Na kama murfin da hannu biyu na murɗe shi da ƙarfi lokaci guda. Iska ta shige ciki da wata 'yar ƙara, fiiit, kamar an buɗe kwalbar lemo. Ƙara ce da ni kaina da ƙyar na ji.

Baba ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala.

Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ƙafar, ya juyo, ya fara dawowa, kuma na rantse ya fi sauri. Ya miƙo hannu ba magana, na sa masa murfin. Ya juya shi, ya kai shi bakinsa ya hura, iska ta ƙi wucewa. Ya kankare saman da farce, ya kai yatsan hancinsa.

"Lemon tsami," ya ce.

Mama ta tuna tana da abu a wuta, ta yi kicin.

Ya zauna a kan bokitin, murfin a tafin hannunsa. Na tsaya a gabansa kamar 'yar shekara goma sha biyu.

"Huda," ya ce. "Tanki ba ya numfashi." Ya faɗa wa kansa ne, yana ɗanɗana maganar. Ya ja dogon numfashi ya sauke. Sai ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. "Kin san abin da kika yi min yau?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Na yi sallama da kaina a kan bokitin nan."

Hawaye ya zubo min, amma haushi ma ya taso, don ni ma 'yarsa ce. "Kuloci a hagu yake, Baba. Cokali a hagu. Ga rami a ƙarshen layi. In ka kai can da me za ka tsaya? Tun safe gabana ke faɗuwa."

"Da kin faɗa."

"A gidan nan wa ya taɓa faɗa wa wani? Mama makulli ta ɓoye. Kai ka ce mata batirin fitila ne. Yaya wata biyu yana tura babur."

Ya kalli murfin. Gefen bakinsa ya so ya motsa, ya hana shi.

"Kada ki faɗa wa yayanki."

Ya sa na kawo masa siririyar waya, ya zungure hudar, ya hura, iska ta wuce. Sannan ya ce in taimaka masa ya hau. Na zaci tayar da ita zai yi, amma bai taɓa sukundireba ba. Ya zauna a kujerar, inji a kashe, ya ɗaga ƙafar hagu da hannunsa ya ɗora ta a kan kuloci. Ya danna. Jijiyar wuyansa ta fito, kuloci ya sauka kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya. Ya sake. Ya sake. Ya sunkuyo ya gwada kai hannun dama ga cokalin ta ƙarƙashin cinyarsa, bai kai ba. Na bar shi ya gwada, kuma wannan shi ne abu mafi wuya da na yi a ranar.

Ya zauna yana kallon lambun ta ƙofar rumfa, ƙasar ta fara yin fari-fari a sama.

"Sauke ni," ya ce. Da ya tsaya da ƙafafunsa ya nuna kujerar da sanda. "Hau."

"Ni? Baba, ko keke ban iya sosai ba."

"Kin iya ɓata ta. Hau."

Ya kira Mama ya ce ta kwanto igiyar shanya. Ta zo da ita har da maƙalan kaya biyu a jiki. Ya ɗaura bakin igiyar a cokalin kashewa, da hannu ɗaya da haƙori, ƙulli irin nasa da ba ya kwancewa. Ya jingine sandarsa a bango, ya naɗa ɗaya bakin a hannun dama, ya ce wa Mama, "Ke, riƙe ni ta nan." Ta shiga ƙarƙashin kafaɗarsa ta hagu.

Ya nuna min giya ta ɗaya, ya nuna min ƙarfen da ke sauke garma. Na taka kuloci, na ji taurinsa har ƙuguna. Gwaggo ta fita daga rumfa tana tsalle, ni ina tsalle a kanta. Da garmar ta shiga ƙasa sai ta nutsu, tana tafiya a hankali fiye da tafiyar mutum, ƙasa baƙa mai ɗanshi tana juyewa a bayana, ƙanshinta na tasowa ya gauraye da hayaƙi. Sitiyarin yana fizgar hannuna, in na gyara dama sai ta yi hagu. A gefena Baba da Mama suna tafe tare, taku da jan ƙafa, igiyar tana lilo a tsakaninmu.

"Kalli gaba! Kar ki kalli taya!"

Na kusa sakin sitiyarin. Wata tara ban ji muryarsa ta kai haka ba. Maƙwabci ma ya leƙo ta kan katanga.

Katakan ramin suka fara matsowa. Taku goma, taku takwas. Na maimaita a zuciyata: kuloci, ɗaga garma, juya. Taku biyar. Baba ya ce, "Yanzu!" sai kaina ya ɗauke gaba ɗaya. Ƙafar dama ce ta taka, ta taka birkin nan mai kama taya ɗaya, Gwaggo ta karkace ta nufi tsakiyar katakan, inda suka fi ruɓewa. Na ji Mama ta yi salati. Na lalubi cokalin ban same shi ba.

Igiyar ta miƙe ta bugi ƙafata. Injin ya yi tari ɗaya ya ɗauke.

Tayar gaba tana kan katako na farko, katakon yana ƙara a hankali. Ta tsagar da ke gabana ina ganin ruwa can ƙasa, da hasken sama a cikinsa. Hannuna ya ƙi sakin sitiyari. Na juya, Baba yana tsaye ya ja igiyar har bayan kunnensa, Mama ta rungume shi don kada ya faɗi, su biyun suna haki.

"Kuloci," ya ce, da numfashi ya dawo masa. "Hagu. Ke taki ƙafar lafiyarta ƙalau."

Maƙwabci ya zagayo, muka cire giya muka tura ta baya. Na zauna a ƙasa a kan sabon kaftun ban damu da zanena ba. Baba ya sa Mama ta juyo da shi, ya ƙare wa layin da na yi kallo tun daga rumfa har rami. Ya karkace sau uku, a wani wurin garmar ma ta tsallake.

"Wannan kaftu ne ko sawun maciji?"

"Malam, a kira mai fartanya mana," in ji Mama. "Ka ga yarinyar nan ta tsorata."

"Ni ma na tsorata," ya ce. "Tun safe." Ya dube ta. "Kin kira masu ƙarfen?"

"Wayata ba caji."

"Ƙarya." Ya kalli rana, ya kalli sauran lambun da ba a taɓa ba. "In mun yi layi uku ki ɗora shinkafa. Yunwa nake ji."

Mama ta ƙara riƙe shi da kyau.

Na tashi na kaɗe zanena. Har yanzu ina jin tsoron ramin, kuma layi goma sha ɗaya ne a gabana, kowanne a can yake ƙarewa. Na hau kujerar na ɗauki sukundireba. Igiyar ta bar masa jan sawu a bayan hannu, fatar ta ɗan goge. Ya duba wurin, ya ƙara naɗa ta sau biyu a kai, ya ja kaɗan ya ji ƙullin yana nan.

"Tayar da ita, Uwata," ya ce. "Ina riƙe."